Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinonin Ilimi Na Jihohin Arewa: Ku Haska Mana Hanya Tsakanin Jami'a Da Makarantar Sana'a

Masu girma Kwamishinonin Ilimi na jihohin Arewa, da shugabannin hukumomin da ke kula da makarantun kimiyya da fasaha,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar 'ya'yan jama'a da ya ɗora a wuyanku.

Ni uba ne mai 'ya'ya biyar a cikin birnin Kano, kuma shekara shida ke nan ina cikin masu riƙe da ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantar unguwarmu. A zamanmu na ƙarshe iyaye suka ɗora mini nauyin in rubuto muku da yawunsu. Cikinsu akwai 'yan kasuwa, akwai direbobin adaidaita sahu, akwai malaman firamare, akwai kuma iyaye mata da mazajensu suka rasu suka bar musu marayu. Kowannenmu yana da ɗa ko 'ya da ya iso mararraba: ko ya bi babbar sakandare ya nufi jami'a, ko ya bi makarantar fasaha ya kama sana'a. Kuma dukkanmu lalube muke yi cikin duhu.

Abin da ya tayar da zancen shi ne sanarwar da gwamnatin tarayya ta yi a 2025, cewa za ta farfaɗo da ilimin fasaha da sana'a, ta ɗauke wa ɗaliban kwalejojin fasaha na tarayya kuɗin makaranta, har ta riƙa ba su ɗan alawus. A rediyo muka ji, muka yi murna. Da muka je makarantun 'ya'yanmu neman ƙarin bayani, sai muka tarar malaman su ma a rediyon suka ji. Babu takarda, babu wanda aka turo, babu mai ce mana ga inda ake samun fom, ga lokacin jarrabawa, ga abin da yaro zai fito da shi bayan shekara uku. Kwalejojin tarayya 'yan ƙalilan ne, 'ya'yan talakawa kuwa mafi yawansu a makarantun jiha suke. Shi ya sa wasiƙar nan ta nufo ƙofarku.

Ku ba ni dama in fara da gidana, don ku ga kamannin matsalar idan ta shigo tsakar gida.

Ɗana na uku shekararsa 15, bana ya gama aji uku na ƙaramar sakandare. Tun yana ɗan shekara tara babu fanka ko tocila ko rediyon da ya tsira daga hannunsa. Da farko faɗa yake sha, daga baya maƙwabta suka fara aiko masa da fitilun caji da suka mutu. Yanzu kullum bayan la'asar yana shagon wani mai haɗa sola a bakin titi, har ya iya lissafa yawan batir da farantan da gida ke buƙata. Karatunsa ba laifi, a lissafi ma yana cikin na gaba-gaba, amma in aka zaunar da shi haddar dogon rubutu sai ya yi ta hamma. Yayansa kuwa, babban ɗana, jami'a ya yi. Karatun shekara huɗu ya shiga. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 da kullen korona suka lashe kusan shekara guda, na 2022 ya zo ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Sai da ya kusa shekara shida kafin ya fito. Ya yi bautar ƙasa, ya zaga ofisoshi da takardu har takalminsa ya suɗe, yau yana ƙarƙashin lema da na'urar POS. Ban raina halal ɗinsa ba, Allah ya yi masa albarka, da shi ake cefanen gidan. Amma duk lokacin da na wuce na gan shi a rana, sai in tuna dararen da ya raba yana karatu da hasken waya, zuciyata ta yi nauyi.

Ranar da aka zauna shawara a kan ƙanen, Hajiya mahaifiyata ta ce duk zuri'arta babu likita, wannan yaron shi zai fitar da ita kunya. Mahaifiyarsa ta yi shiru, amma na san abin da ke ranta: kada gobe ya je neman aure a ce ai mai wayarin ne. Yayan ya ce a bar shi ya kama sana'a tun da wuri, shi ya ga abin da ya gani. Yaron yana gefe, kansa a sunkuye. Can ya ɗago ya ce, "Baba, in na tafi makarantar fasaha, shi ke nan na rufe wa kaina ƙofar jami'a?" Wallahi ban san amsa ba. Sai da na yi mako uku ina tambaya kafin wani tsohon malamin fasaha da ya yi ritaya ya shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gidansa ya warware mini zare da abawa.

Abin da ya gaya mini shi ne tushen kukanmu na farko, domin bayani ne da ya kamata kowane uba ya samu a makarantar ɗansa. Yaron da ya yi shekara uku a kwalejin fasaha yana zana jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa tun 1992, ya fito da takardar shaidar fasaha ta ƙasa. Wannan takarda ana neman gurbi da ita ta hanyar JAMB kamar yadda ake nema da ta WAEC ko NECO, matuƙar yaro ya ci darussan da kwas ɗin ke buƙata. Yana iya shiga foliteknik ya yi ƙaramar difloma ta shekara biyu, ya fita ya yi aiki na shekara guda, ya dawo ya yi babbar difloma. Yana kuma iya ɗaukar ƙaramar diflomar ya nemi jami'a kai tsaye ya fara daga aji biyu. Wanda ma a gareji ya koyi aikinsa yana iya zuwa Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a gwada hannunsa a ba shi takardar gwajin sana'a, mataki-mataki har uku. Waɗannan hanyoyi duk sun girmi 'ya'yanmu. Amma da na maimaita bayanin a gaban iyayen da suka cika aji guda, mutum biyu ne kawai suka ce sun taɓa ji.

Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malamin ba da shawara a makarantun sakandare. A makarantun da muka sani, ko dai babu shi sam, ko kuma wani malami ne da aka ga darussansa ba su da yawa aka liƙa masa sunan, babu horo, babu ofis, babu ko takarda ɗaya da zai miƙa wa uba. To wa ke yi wa yaro zaɓi? Maki ne ke yi. Wanda ya ci da yawa a tura shi ajin kimiyya ko da ganin jini yana sa shi jiri, na tsakiya a kai shi ajin adabi ko na kasuwanci, wanda ya rage a ce, "Wannan kansa ba ya ja, a kai shi ya koyi sana'a." Da wannan magana guda an yi ɓarna biyu. An karya zuciyar wanda aka tura, an kuma shaida wa mai ƙoƙari cewa aikin hannu ƙasƙanci ne a gare shi ko da can ransa yake. Alhali wayarin bene mai hawa uku, ko gyaran motar zamani da sai an jona mata kwamfuta kafin a gane ciwonta, yana buƙatar kai mai ja sosai.

Kuka na biyu daga na farkon ya fito. Da yake ƙofa ɗaya kowa ya sani, kowa ita ya nufa. A 2025 kusan mutum miliyan biyu ne suka zana jarrabawar JAMB, kuma sakamakon farko da aka fitar ya nuna sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Waɗanda suka ci ɗin ma guraben ba sa isar su. A unguwarmu akwai samarin da suka zana sau uku, wasu sau huɗu. Duk shekara uba ya biya kuɗin fom da na darasin share fage, duk shekara a ce sai baɗi. Yaro ya gama sakandare yana ɗan 17, ya kai 21 yana zaman dakali, ba karatu ba sana'a, kuma a lokacin ya riga ya ga ya fi ƙarfin durƙusawa gaban oga yana miƙa sifana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shekarun ɗanyantakar kuwa su ne aka ƙarar wajen jiran sunan da bai fito ba. Mu muke ganin masu sayar da ƙwaya suna kewaya waɗannan dakalai da magariba.

Wanda ya samu gurbin ma da sauran rina a kaba. A 2023 jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, a shekarar da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi. Asusun lamunin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya share wa wasu hawaye, amma bashi ne, ranar biya tana nan tafe. Uban da zai bar ɗansa ya ci bashi don karatu ya cancanci a gaya masa gaskiya tun kafin a fara: wane kwas ne ake neman masu shi, wane ne kuma masu shi suka yi yawa.

Kada a fahimce mu a baibai. Arewa tana ƙishin likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da malaman makaranta, duk wanda ya taɓa kwana a layin asibiti ya san haka. 'Yata ta biyu karatun jinya take yi, kuma ina alfahari da ita. Da ƙanenta likita yake son zama, da na sayar da abin da na mallaka na tsaya masa. Abin da muke nema shi ne yaron da Allah ya sa baiwarsa a hannu ya samu hanyar da ba za a kira shi wanda ya faɗi ba.

Kuka na uku shi ya fi ci mini rai, kuma a nan zan ɗan daɗe. Bayan bayanin tsohon malamin, na goya yaron a babur muka je wata kwalejin fasaha ta gwamnati don ya gani da idonsa. Ba zan ambaci sunanta ba, domin malaman da na tarar mutanen kirki ne, abin da na gani kuma ba laifinsu ba ne. Ɗakin aikin ƙarfe babba ne, ginin da ne mai ƙwari. Injinan da ke ciki sun girmi malamin da ke nuna mana su. Ya ce biyu suna tashi in an samu wuta, wutar kuwa sai ta yi kwanaki ba ta leƙo ba, janareta akwai amma babu kuɗin mai. A sashen walda ɗalibai ne ke karo-karo su sayi sandar walda idan jarrabawar gwaji ta matso. A sashen kafinta akwai bencina, babu katako. A sashen lantarki na ga zanen inbata a jikin allo, zane mai kyau da alli kala biyu, wanda ya nuna malamin ya san aikinsa, amma babu inbata ko ɗaya a makarantar. A hanyar dawowa yaron bai ce uffan ba sai da muka kusa gida, sannan ya ce, "Baba, kayan shagon oga sun fi na makarantar nan yawa."

Ciwon nan tsoho ne. Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, manufar ita ce yaro ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki a ƙaramar sakandare, ya gane inda ya fi ƙarfi, sannan a raba hanya. Aka shigo da injina daga ƙasashen waje cikin manyan akwatuna, da yawansu suka ruɓe a harabar makarantu ba a ko buɗe su ba, saboda babu wuta, babu ɗakin da za a kafa su, babu malamin da aka horar. Mu da muka yi sakandare a waɗannan shekaru, a kan irin akwatunan nan muke zama in an fita tara. Sama da shekara 40 ke nan, ga 'ya'yanmu suna kallon zanen inji a allo kamar yadda muka kalli akwatinsa.

Kuma mun san ana iyawa idan an sa kai. A 1977, shekarar da aka kafa hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha da hedikwatarta a Kaduna, a shekarar ce Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Aka tace yara ta jarrabawa, aka nemo malamai, aka cika ɗakunan gwaji, aka kula da cinsu da kwanansu. Likitoci da injiniyoyi masu yawa na Kano da Jigawa daga nan suka fito. Ba a roƙi iyaye ba. Da suka ga abin da ke fitowa, da kansu suka riƙa rububin kai 'ya'yansu. Ranar da aka yi wa makarantar fasaha irin wannan hidima, ba za ku buƙaci ku lallashi kowa ba.

Mun ga wasu jihohi sun tashi tsaye a kan ilimi, Kano ma ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin a watan Yunin 2024, kuma muna ganin ana gyaran azuzuwa, mun gode. Sai dai aji da benci da allo sun ishi mai koyon adabi, mai koyon walda kuwa sai da wuta da ƙarfe da gas. Kayan da ke ƙarewa kullum, katako da waya da siminti da ƙusa da mai, su ne ran makarantar fasaha, kuma su ne ake mantawa da su idan an zo rabon kuɗi.

Na huɗu shi ne raini, kuma gwamnati tana da hannu a ciki. Mai babbar difloma ya yi shekara biyar tsakanin aji da wurin aiki, ya yi bautar ƙasa kafaɗa da kafaɗa da mai digiri, amma in sun shiga aikin gwamnati sai a ja masa layi a wani mataki, abokinsa ya wuce ya bar shi. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Kusan kowane gida akwai kawu ko maƙwabcin da abin ya shafa, kuma yara suna ji ana labarin. Yaya za a ce wa uba ya kai ɗansa hanyar da mai hanyar da kansa yake rage wa daraja?

Ba zan ɓoye namu laifin ba. A al'adarmu akwai sana'o'in da ake ɗaga wa hanci idan maganar aure ta taso, kuma tun da Bature ya kawo aikin akawu muka ɗauka mai zama a kujera da biro ya fi mai tsayuwa da guduma. Amma magabatanmu na ƙwarai ba haka suka duba abin ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a wasiƙar nasiha da ya aika wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya ce a raba su cikin garuruwa gwargwadon buƙata. Fadojinmu har yau suna naɗa Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa da Sarkin Aska da Sarkin Magina. Malamanmu na zaure da yawa da ɗinkin hula suka riƙe kansu suna karantarwa. Yaran makarantar allo ma sun san Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sulke yake ƙerawa kuma daga aikin hannunsa yake ci. Wannan ne ya kamata yaranmu su riƙa ji a makaranta, daga bakin malamai da limamai da sarakuna, kuma ku ke da ikon tara waɗannan a wuri ɗaya.

Na biyar, babbar makarantar sana'a ta Arewa ba ta cikin rajistarku. Tana Panteka a Kaduna, tana Ƙofar Ruwa da Farm Centre a Kano, tana kowane gareji da shagon walda da na ɗinki daga Sakkwato zuwa Maiduguri. A can ne dubban yara ke koyon abin da suke ci da shi, kuma ogannin nan sun riƙe wa gwamnati nauyin da ba ta taɓa yi musu godiya a kansa ba. Amma tsarin yana da ramuka. Babu ƙayyadadden lokacin yaye, yaro sai ya shekara biyu yana sayo abinci da wanke kayan aiki kafin a bar shi ya taɓa inji. Wani ogan yana ɓoye sirrin aikin don kada yaron ya tashi ya buɗe shago kusa da shi. Babu tabarau a wurin walda, babu safar hannu a wurin lantarki. Yaron ya iya aikin amma bai iya karanta zanen gini ba, bai iya rubuta ƙiyasin kuɗin aiki ba, kuma ba shi da wata takarda da zai nuna.

Illar hakan a fili take. Duk wanda ya yi gini a 'yan shekarun nan ya san in ana son tayil ya miƙe ko silin ya fito tsaf, 'yan Togo da Benin ake kira, kuma ana biyansu da kyau domin sun ƙware. Ga bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Irin waɗannan ayyuka masu walda da masu lantarki da masu sarrafa manyan injina suke nema, kuma kamfani ba ya ɗaukar mai walda a kan bututun gas da shaidar baki, sai da takarda. Aikin yana ratsa gonakinmu, 'ya'yanmu kuma gadi da leburanci ne rabonsu.

'Ya'ya mata kuwa an taƙaita musu sana'a ga ɗinki da haɗa sabulu da turaren wuta. Sana'o'i ne masu albarka, amma ba su kaɗai ba ne. Mata da yawa suna fargabar miƙa wayarsu ga namiji ya gyara saboda hotunan da ke ciki. Gidaje da yawa za su fi sakewa mace ta shiga ta duba musu wayarin ko sola ko firij. Kasuwa ce a buɗe, babu masu shigarta, saboda babu inda yarinya za ta koya cikin mutunci da kwanciyar hankalin iyayenta.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Kafin jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare ta kowace shekara, a ware rana guda a kowace makaranta a tara iyaye da yara, a yi musu irin bayanin da tsohon malamin nan ya yi mini, da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ko duk harshen da mutanen wurin ke ji. A buga shi a takarda ɗaya da boko da ajami, a kuma maimaita a rediyo. In ba za a iya ba kowace makaranta malamin shawara ba, a horar da guda ya riƙa zagaya makarantu biyar ko shida. A riƙa fita da yara su ga foliteknik da asibiti da gareji da wurin gini, su yi wa masu aikin tambaya da bakinsu.

A wallafa sunayen kwalejojin fasaha na kowace jiha, da sana'o'in da kowace ke koyarwa, da waɗanda NBTE ta amince da su, da inda ɗaliban da suka gama suka nufa. In babu wannan lissafi, a fara tattara shi daga bana.

Maimakon a raba ɗan kuɗin da ke akwai ga makarantu masu yawa kowace ta samu abin da ba zai kashe mata ƙishi ba, a zaɓi 'yan kaɗan a kowace shiyya a cika su. A sa musu sola mai ƙarfin tayar da injina, ɗaliban sashen lantarki su kafa ta da hannunsu tare da malamansu. Kuɗin kayan da ke ƙarewa ya riƙa zuwa makaranta kai tsaye duk zango, da wakilin iyaye cikin masu sa hannu. Jihohin da ke biya wa ɗalibai kuɗin NECO su tabbatar na NABTEB yana cikin lissafin, a kuma biya a kan lokaci.

A jawo ogannin kasuwa a jiki. A yi wa shagunan da suka cancanta rajista, a rubuta yarjejeniya tsakanin oga da uba da makaranta mai ɗauke da lokacin yaye da abin da za a koyar, a riƙa ba ogan wani abu a kan kowane yaro. Yaro ya yi aji da safe ya koyi lissafi da Turanci da zane, da yamma ya tafi shago. Ƙwararru cikinsu a ɗauke su su riƙa koyarwa a kwalejoji ko da ba su da digiri. An riga an fara gwada hannun masu sana'ar Panteka ana ba su shaidar ƙwarewa ta ƙasa, sauran jihohi su je su ga yadda aka yi.

Maganar babbar difloma, kowace jiha tana da nata tsarin aikin gwamnati. Ku kai wa gwamnoninku da shugabannin ma'aikata ku cire shingen a jihohinku, ba sai kun jira Abuja ba. A kuma sa sharaɗi a manyan kwangilolin jiha cewa ɗan kwangila zai ɗauki ɗaliban kwalejojin fasaha su yi aikin gwaji a wurinsa. A buɗe wa 'yan mata sassan gyaran waya da kwamfuta da lantarki, da malamai mata inda hali ya yi.

Game da ɗana, mun yanke zai nemi kwalejin fasaha, ya ci gaba da zuwa shago lokacin hutu, ni kuma in biya masa darasin Turanci da kimiyya a gefe don ƙofar JAMB ta zauna a buɗe. Hajiya ta sa albarka, ko da yake na ga alamar ba ta gama haƙura da likitan ba. Shi ya samu uban da ke da babur da lokacin yin mako uku yana yawon tambaya. Marayun da na ambata a farko ba su da wannan, kuma wasunsu baɗi za su zana jarrabawar aji uku. Muna roƙon kafin lokacin ku turo mana wanda zai zauna da mu. Ƙungiyarmu tana taro a farkon kowane zango, kuma irinta tana nan a kusan kowace makarantar gwamnati da ke ƙarƙashinku.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani uba daga birnin Kano, a madadin iyayen ƙungiyarmu